Ƙoƙon Kan Baba Meliton

Da na auri Herlinda ban ɗauke ta zuwa gidanmu ba. Ni ne na tare a nasu, saboda sana'ar cakulan ɗin mahaifinta ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Tun yana saurayi Baba Meliton yake soya 'ya'yan koko a kasko, ya ɓare su, ya kai injin niƙa tare da kirfa da sukari. A garinmu, kudu da birnin Oaxaca a ƙasar Meziko, duk wanda ya kurɓi cakulan da safe yana iya gaya maka ko na Meliton ne ko ba nasa ba. Amma abin da ya yi suna a kansa shi ne ƙoƙon kai na Bikin Matattu. A zuba cakulan a mazubi, ya fito da haƙora da ramukan ido, shi kuma ya zauna ya rubuta suna a goshi da farin sukari. Wani sunan uwarsa da ta rasu zai ce a sa, wani na abokinsa mai rai don tsokana.

Ana nan sai ciwon sukari ya kama shi. Likita ta ce ya yi bankwana da duk wani abu mai zaƙi, kuma ta yi kuskuren faɗin haka a gaban Herlinda. Matata ta gaji uwarta wajen taurin kai, idan ta riƙe magana ba ta saki. Ta fara da shinshina bakinsa duk lokacin da ya fito daga ɗakin aiki. Da ya koyi tauna ganyen na'a-na'a, sai ta kafa masa doka cewa muddin yana cikin ɗakin, sai ya riƙa yin fito. In fiton ya tsaya, ta san akwai abu a baki. Haka dattijon nan yake wuni yana rubuta sunayen mamata yana hura waƙar coci ta tsakanin haƙora, mu kuma muna tsakar gida muna saurare.

A jajibirin bikin bara muka shirya teburin matattu a ɗakin baƙi. Na ɗaura rake ya yi baka a samansa, Herlinda ta lulluɓe shi da furanni masu ruwan ɗorawa. Ta jera hotuna da kyandir da burodi, ta kunna turaren ƙaro. A gaban hoton Mama Teodora, mahaifiyarta, ta ajiye miyar mole da kofin cakulan da ƙoƙon kai mai sunanta. A gaban na Kawu Leobardo ta ajiye kwalbar giyar mezkal.

Baba Meliton yana zaune da kwanon dafaffen ganye da kabewa a cinya, yana kallo. Ya ce shi dai yana son a yi masa bayani. Leobardo giya ce ta kashe shi, kowa ya sani, amma ga shi an ba shi kwalba guda ko buɗe ta ba a yi ba. Teodora ba ta taɓa soya ƙwaya ɗaya ta koko ba tare da ta ƙona ta ba, ga ta da ƙoƙon kai sukutum. Shi kuwa da ya ciyar da gidan nan da cakulan, an ba shi abincin zomo. Herlinda ta ce su sun mutu, babu abin da zai ƙara samun su. Ya ce, "Ashe haka ne." Ya cinye ganyensa.

Washegari da safe na shiga sake kunna turare, sai na tarar da shi zaune a kan kujera a gefen teburin. Ya sa kwat ɗin da aka ɗaura masa aure da ita, wadda maɓallanta suka daina haɗuwa tun kafin a haifi matata. Hotonsa na jingine kusa da na Mama Teodora. A gabansa kuma ga ƙoƙon kai da ya fi duk na kan teburin girma, an rubuta Meliton a goshi da rubutun da na sani.

Na gaishe shi. Ya ce, "Isauro, je ka gaya wa matarka na mutu. Sai an tashi daga biki za a ga yadda za a yi."

Na je na gaya mata kamar yadda ya ce. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta goge hannu a zaninta, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi uban, ta dubi hoton, ta dubi cakulan ɗin. Sai ta yi alamar gicciye ta ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne ko da yake ba ya jin magana. Ta matsa ta gyara wa hoton zama, ta ƙara masa fure.

Baba Meliton ya yi murmushi ya miƙa hannu. Ita kuwa ta juyo wurina, ba wurinsa ba, ta ce in tuna mamaci ba ya cin abinci, ƙamshin kawai yake ɗauka ya bar wa masu rai saura. Marigayin da kansa ya koya mata haka tana ƙarama, ranar da ta gatsi burodin kakarta, har da ranƙwashi a ka. Saboda haka idan ta ga ko da sawun haƙori a jikin ƙoƙon nan, to akwai mai rai a ɗakin, kuma mai ran nan asibiti za a kai shi a kwantar, a yi ta ɗibar jininsa har bikin ya wuce.

Hannun ya tsaya a iska. Ya ce wannan ba adalci ba ne, shi sabon mamaci ne, bai saba ba tukuna. Ta ce da ni ko ban ji kamar iska na kaɗa labule ba.

Daga nan na shiga uku. Shi ya ja hannun rigata ya ce in gaya mata kaza, ita ta tambaye ni da wa nake magana. Idan na amsa masa, na ƙaryata matata. Idan na yi shiru, na raina surukina a gidansa. Sai na koma yin magana da bango. Nakan tsaya in ce wa bango da alama mamatan bana suna jin ƙishirwa, Herlinda kuma ta kawo ruwa ta ajiye a kan tebur. Da lokacin abinci ya yi ta kawo kwanon ganyensa da ƙwayoyin maganinsa, ta ajiye su a gaban hoton, ta ce waɗannan su ne abin da marigayi ya fi so a ƙarshen rayuwarsa. Ta juya baya tana gyara kyandir har sai da ƙarar cokali ta tsaya. Kwano ya dawo wayam. Cakulan ɗin kawai take dubawa, ta ɗaga shi ta juya, har ƙarƙashin haɓa.

Shi ma bai yarda an kayar da shi ba. Ya jawo kujera ya kafa hanci a ramin idon ƙoƙon, yana jan numfashi da ƙarfi kamar mai mura. Ya ce tunda ƙamshi ne rabonsa, ba zai bar wa kowa ko kaɗan ba.

Kafin rana ta take, labari ya zaga unguwa. Dama ranar ziyara ce, ana shiga gida-gida da kwandon burodi ana gaida mamatan juna. Mutane suka yi ta shigowa, su cire hula, su yi wa Herlinda ta'aziyya a gaban uban. Mai sayar da gawayi ta ce kamar jiya ta gan shi. Wanzamin unguwa ya ce ya tafi da ƙuruciyarsa, sai dai rowa. Baba Meliton yana zaune ya miƙe wuya, idonsa a kan rufin ɗaki. Na lura yana jin daɗin yabon, kuma duk wanda ya soke shi yana bin sa da kallo har ƙofa.

Da yamma sai ga Bulmaro, amininsa tun suna yara, wanda ba su taɓa rabuwa ba tare da zagin juna ba. Ya tsaya a gaban hoton ya fyace hanci da ƙarfi. Ya ce yanzu da Meliton ba ya nan, zai iya faɗin gaskiya: Teodora shi ta fara so, kuma a bikin auren ma da shi ta fi yin rawa. Mamaci bai motsa ba. Bulmaro ya ce marigayi bai taɓa cin sa a wasan karta ba sai da maguɗi. Mamaci ya haɗiye yawu. Sai Bulmaro ya sunkuya ya duba goshin ƙoƙon kan, ya ce rubutun ma a karkace yake, dama hannunsa ya daɗe da fara rawa.

Baba Meliton ya miƙe tsaye. "Ubanka ne hannunsa ke rawa, tsohon jaki. Duba da kyau."

Bulmaro ya tambayi Herlinda ko suna da ɓera a gidan. Ta ce akwai, babba.

Na zaci wucewa zai yi, sai na ga ya tsaya yana kallon kwalbar Kawu Leobardo. Shi ma hawan jini gare shi, matarsa Obdulia ta hana shi gishiri da mezkal da sigari. Ya tambaye ni a hankali ko shinshinar kwalba ma tana cikin haƙƙin mamaci. Na ce wa bango ina jin haka ne. Ya ɗauko kujera ya ajiye kusa da ta abokinsa, ya zaro katin shaidarsa daga aljihu ya jingina da kyandir, ya zauna ya naɗe hannu. Baba Meliton ya ce teburin na dangi ne. Bulmaro ya ce a lahira babu dangi.

Aka je aka gaya wa Obdulia. Ta zo da kwandonta, ta yi wa mijin kallo ɗaya, ta rungume Herlinda, suka yi wa juna gaisuwa. Sannan ta sa hannu a aljihunsa ta ciro makullin babur, ta cire masa hula da agogo, ta ce ƙaninta ya daɗe yana so. Ta ce a bar shi a nan, ita ba ta kwana ɗaki ɗaya da gawa. Muka shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin tebur. Herlinda ta ɗauke ƙoƙon kan ta kulle a kabad, ta ce saboda ɓeraye.

Rana ta biyu ita ce ta raka mamata makwancinsu. Da hantsi muka ɗauki furanni da tsintsiya da bokiti da abinci muka nufi maƙabarta. Herlinda ta fito da ƙoƙon kan ta sa a kwando ta rufe da tawul, ta ba ni in riƙe. Dattawan biyu suka biyo mu a baya, ɗaya da kwat, ɗaya ba hula, suna gardama a kan wanda ya riga wani mutuwa. A bakin ƙofar maƙabarta cunkoso ya yi yawa, na ajiye kwandon don in taya wata tsohuwa ɗaga tulu. Da na ɗauka na ji ya ɗan yi sauƙi, amma hankalina yana kan bokitin da ke zuba a ƙafata.

Maƙabarta ta cika maƙil. Masu kiɗa na zagayawa, kowane gida ya baje a kan kabarinsa ana wanki ana ci. Muka wanke kabarin Mama Teodora, muka zuba fure. Kusa da shi akwai filin da Baba Meliton ya tanadar wa kansa tun rasuwarta. Ya ce tunda ya zo, bari ya gwada. Ya kwanta rigingine a cikin rana, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya rufe ido. Can sai ya buɗe ido ɗaya, ya motsa ƙafa. Dunduniyarsa tana taɓa siminti.

Mutanen gidan Zarate ne suka yi wa kakansu sabon dakali, kuma dakalin ya shigo filinsa da kusan taƙi guda. Suna zaune a kai suna cin tamal, alalar masara da ake naɗewa a ganye. Baba Meliton ya ɗaga kai daga kwancen ya ce da su su dubi inda ƙafarsa take. Babban ɗansu, wani mai kanti mai ƙaton ciki, ya riga ya ji labari, sai ya ce shi ba ya shari'a da gawa, a turo magada. Baba Meliton ya ce in haka ne zai lanƙwashe ƙafa ke nan har tashin ƙiyama? Mai kanti ya ce mutum yana tsufa yana raguwa, kafin lokacin zai yi daidai. Bulmaro ya sa baki ya ce shi shaida ne, yana nan aka auna filin. Aka ce masa shaidar mamaci ga mamaci ba ta karɓuwa.

Ana cikin haka Fada, limamin cocinmu, ya iso layinmu da ruwan albarka, yana karanta sunaye kabari-kabari. Tun safe yake yi, muryarsa ta dushe. Herlinda ta ba shi sunan uwarta da na kawunta, ta ƙara da na uban. Ya karanta har ya kai Meliton, ya dubi ƙasa, ya ga Meliton na kallonsa. Ya tambaye shi me yake yi a nan. Ya ce, "Na mutu, Fada, kuma an cinye mini fili." Fada ya yayyafa masa ruwa a fuska, ya wuce kabari na gaba.

Rigimar ta daɗe, rana kuma ta yi zafi. Baba Meliton ya ƙi tashi, ya ce idan ya ɗaga za su ƙara matsowa. Yana magana yana haki, zufa na bin wuyansa. Matar mai kanti ce ta fara gani. Ta saki tamal ɗin hannunta ta nuna ƙirjinsa. Wani abu mai duhu yana tsattsafowa ta farar rigarsa, daidai saitin zuciya, yana bi ta tsakanin yatsunsa yana gangarawa haƙarƙari. Wani ya ce jini ne. Wani ya ce an soke shi. Mai kanti ya ɗaga hannuwa sama yana rantsuwa bai taɓa shi ba. Masu kiɗa suka tsaya, Fada ya juyo da gudu yana laluben aljihu yana neman man da ake shafa wa mai shirin mutuwa.

Herlinda tana ɗiban ruwa a famfo. Na ga bokitin ya faɗi. Ta tsallake kaburbura biyu, ta zube a kansa tana kiran "Baba, Baba," da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, ko ranar da uwarta ta rasu. Ta fizge kwat ɗin, ta yage rigar. Ƙoƙon kan ne. Ya narke ya zama kamar kunu, ya manne da gashin ƙirjinsa, haƙoran sukari na yawo a ciki.

Ta daɗe tana kallo. Hannuwanta sun yi baƙi har wuyan hannu. Sai ta fara dukan kafaɗarsa da tafi, tana kuka tana ce masa mugu, tsohon banza, haka ake yi wa mutum. Shi kuwa duk bakin nan nasa ya mutu. Ya tashi zaune ya riƙe mata hannu, ya ce ta yi haƙuri, ko gatsa ɗaya bai samu yi ba, mutanen nan suka ɗauke masa hankali. Ta ce ya rantse yana da rai. Ya ce yana da rai, 'yata, ga shi tana taɓa shi.

Suka zauna a gefen kabarin Mama Teodora, ita ta jingina kai da kafaɗarsa. Wasu karnukan maƙabarta suka kewaye su suna kaɗa wutsiya, ni da Bulmaro muna kora. Na ga Baba Meliton ya dangwali ƙirjinsa da yatsa ya kai baki. Ya rufe ido. Herlinda ta ɗaga kai tana kallon masu kiɗa, ta ci gaba da kallonsu har ya dangwala na biyu. A na uku ta kama yatsan ta goge da tawul.

Da ya miƙe, kai tsaye wurin mai kanti ya nufa, riga a yage, ƙirji baƙi, ƙudaje na bin sa. Ya ce yanzu ga mai rai, a yi magana. Mai kanti, wanda bai gama dawowa hayyacinsa ba, ya ce zai sa a fasa dakalin bayan biki, shi dai a bar shi ya ci abincinsa. Ya kuwa fasa, har ya wuce inda aka ce, don kada a sake.

Mun koma gida da yamma muka rarraba abincin teburin ga maƙwabta. Kwat ɗin ba ta wanku ba. Da muka je asibiti a makon, likita ta saurari labarin duka ba ta yi dariya ba, ta ce sukarinsa bai taɓa yin kyau kamar na wannan karon ba, ta tambaya ko zai iya ci gaba da abin da yake yi. Ya ce a'a. A ƙarshe ta yarda masa da ɗan gutsuren cakulan mai ɗaci kamar kan ɗan yatsa duk ranar Lahadi, Herlinda ce mai yankawa.

Bulmaro ne ya fi shan wuya. Obdulia ta buɗe masa ƙofa, ta ba shi abinci, amma ta ƙi janye maganarta. A kasuwa marigayi take kiransa, yana tsaye a bayanta riƙe da kwando. Ƙaninta kuma ya ce shi gado ya ci, ba aro ba. Sai da aka kai maganar gaban Fada ana gab da Kirsimeti kafin aka mayar masa da babur, tankin babu ko ɗigon mai.